Ba a Ihu a Hasumiya

A ɗakin jiran likita, talabijin na nuna fim: jirgi ya kama da wuta a sama, mai ba jirage hanya yana ta ihu. Wani dattijo ya ja tsaki.

"Ƙarya! Shekara talatin na yi a hasumiyar filin jirgi. Matuƙi ya ji muryarka na rawa, ai ka kashe mutum ɗari biyu."

Matar da ke gefensa ta ce, "Haba Baba, fim ne fa."

"Shirme dai! Mu in abu ya ɓaci, murya muke sassautawa."

"Har a gida?"

"Har a gida! Ranar da aka ce matata ta rasu, cewa na yi, 'Na ji, na gane.'" Ya kau da kai. "Har yau 'yata ba ta yafe min ba."