Zauren Tsofaffi

A tashar mota wani dattijo ya tsura wa sanarwar hukumar birni ido, har mai sayar da ruwan sanyi ta tanka masa.

"Baba, zaure aka buɗe wa tsofaffi saboda zafin nan. Ga fanka, ga ruwa kyauta. Sun kashe mini kasuwa."

"Me zan yi da fankarsu, 'yata? Biyu gare ni a gida."

"To, ai ka huta."

Ya juya sandarsa a hannu.

"Ana hira a can?"

"Sai an kore su suke tashi."

"Tun da mai ɗakina ta rasu, ko sallama na yi babu mai amsawa. Wace motar ke bi ta can?"

"Allah ya jiƙanta. Ga ta nan tafe, Baba, kawo hannunka."