Juma'a Ba Niƙa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sanusi ne mai injin niƙa daga Mairuwa. Tun tasowata nake bakin injin nan, ba Juma'a ba Sallah, har na tsani ƙararsa da masu kawo niƙan. Rannan gyangyaɗi ya kwashe ni a tsaye, bel ya fizge mani hannun riga. Saura ƙiris hannun ya bi! Nan take na yanke: Juma'a ba niƙa.

Maƙwabciyata Hajiya Baraka ta iso da dawarta. "Sanusi, girman kai ya zo ke nan?"

Na ce, "Hajiya, hannuna nake so. Sai gobe."

Wallahi ranar Asabar ita ce farkon layi! Yanzu Juma'a barci nake, in tashi in yi karatuna. Ina gaida abokina Lawal mai faci a Sheme. Kai ma rufe ka huta, garin ba zai watse ba!