Makabartar Bayan Kwakwa

A tashar Anloga, wani mutum riƙe da kwalbar giya ya tsaya gaban wata tsohuwa mai bandar kifi.

"Mama, ina motar Sedokope? Daga Kumasi nake, zan zuba wa kabarin mahaifina abin sha."

"Yaushe rabonka da gida?"

"An kwana biyu. Amma na san hanya. In an wuce filin gishiri da gonakin albasa, makabarta na bayan itatuwan kwakwa."

"Gishiri na nan. Albasa ma da saura." Ta kore ƙuda. "Kwakwa kam, teku ya cinye."

"Makabartar fa?"

"Kwalekwale za ka nema, ɗana. Masunta sun san wurin, ba sa jefa taru a can. In ka isa, ɗiga wa mijina kaɗan. Ni gwiwoyina sun daina hawa jirgi."