Turakun da Baba Ya Tsare

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu saurare. Sunana Idi, ɗan wani ƙauye kusa da Hawandawaki. Daga Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya nake rubutowa, inda nake leburan gini.

Shekarun baya masu awo suka kafa turaku a gonar mahaifina, suka ce nan hanyar da za ta zagaye gari za ta bi. Baba bai ƙara shuka wurin ba. Duk turken da shanu suka tumɓuke, shi ke mayarwa. Mutane na tsokanarsa: "Malam Sani, turakun naka sun yi tsiro?" Sai ya ce, "Ku yi dariyarku, a mota za ku kai ni likita."

Watan jiya ciwo ya kayar da shi. A amalanke aka ɗauke shi, cikin rairayi. Bai kai asibitin Tasawa ba.

Yau ƙanena ya turo mini hoto: ga katafila cikin gonarmu, an fara zuba jar ƙasa. Tsakani da Allah aikin na kyau, ba zan kushe ba. Amma don Allah a ƙarasa kafin damina, kada uban wani ya cika a amalanke.

Ina gaida Inna. Inna, a ajiye mini turke ɗaya.