Ranar da Fasto Ya Zama Bakina

'Yan'uwa, salamar Yesu Kristi ta kasance tare da ku. Ni ne Ishaya, mai gadin wani bene a unguwar Mushairib, nan ƙasar Larabawa, wanda ke zama a bencin baya na majami'a kowace Juma'a.

Bara wani abu ya danne mini zuciya. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, amma abinci ya daina shiga, barci ya ƙaurace mini. Abokan ɗakina suna hira, ni ina kallon bango. Na ɓoye, don tsoron kada kamfani ya ji an ce na taɓu, a ce khalas, wato aiki ya ƙare, a sa ni a jirgi zuwa gida.

Na gaya wa Baba Fasto rabin zancen, ya ce azumi. Na yi. Ya ce in ƙara, na ƙara. Wando ya fara zame mini, abin yana nan daram!

Na je asibiti ni kaɗai. Turancina na bakin ƙofa ne: barka da zuwa, ina katinka. Likita ya tambaye ni, na nuna ƙirji. Suka auna zuciya, suka ce ƙalau take, suka sallame ni.

Wata Juma'a bayan sujada, Baba ya riƙe hannuna ya yi addu'ar da ban taɓa ji a bakin fasto ba: "Ubangiji, ban san wannan ciwon ba. Kai mu wurin wanda ya sani." Ya nemi izini a wurin aikinsa, ya raka ni wurin likitar ƙwaƙwalwa, ya zama tafinta.

Ina faɗa da Hausa, yana juya mata. Har na kai ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: in na hau duba rufin benen, nakan tsaya a baki in daɗe ina kallon ƙasa.

Likita tana jira, Baba ya dube ni. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗana, har lokacin da nake sa ka azumi?"

"E, Baba."

Ya share fuska, ya juya mata, bai rage komai ba.

Ban gama warkewa ba, kada in yi ƙarya a gaban Allah. Ina shan magani, akwai ranakun da ko Amin ba na iya cewa. Kamfani bai sani ba, hawa rufin kuma yana cikin aikina. Sai dai yanzu in zan hau, nakan kira Baba, ya tsaya a waya har in sauko.

Na gode wa Yesu da ya kawo ni nan da ƙafafuna! Mai ɗauke da irin wannan kaya, dogara gare shi, ka buɗe baki. Ni kuma ku sa ni a addu'a, gobe ina da aiki.