Ina Neman Muryar Mahaifina

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, barka da aiki. Sunana Hawa, daga Salaga.

Mahaifina makaɗi ne, ana kiransa Ɗanlami Mai Goge. A zamaninsa, daga Yendi har Bawku, in za a yi babban biki sai an aiko masa da mota. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun da yake jan goge da shi ya mutu.

Kwanan baya ya ce mini, "Hawa, ina so in ji muryata ko sau ɗaya."

Tun ranar ban zauna ba. Na je Yendi wurin mai sayar da kaset, na tarar shagon ya koma na gyaran waya. Aka ce in gwada Bawku. A can wata tsohuwa ta rera mini waƙarsa daga farko har ƙarshe, amma kaset ɗinta ya lalace.

Don Allah jama'a, ku duba tsofaffin akwatunanku. Wanda ya samu ya kawo gidan rediyon nan. Baba na kwance, rediyo na kusa da kunnensa, yana jin ku yanzu haka.