Wanda Ya Shuka da Wanda Ke Girbi

A layin masu ziyara a ƙofar gidan yari, wata tsohuwa na riƙe da kular abinci, wani magidanci na tsaye bayanta hannu rabbana.

"Mama, ɗanki ne a ciki?"

"Autana. Shi ke kaɗa ganga a coci kafin abokai su janye shi."

"Ai maganar Allah ba ta faɗuwa ƙasa banza. Wanda ya ƙi jin umarninsa, abin da ya shuka shi zai girba."

"Kada ka yi mini wa'azi, ɗan nan. Na koya wa yara wannan ayar tun ba a haife ka ba. Shi ya shuka, amma dubi mai girbin. Ni ke tsayuwa cikin rana da ciwon gwiwa. Ni gandirobobi ke sa in ɗanɗana abinci a gabansu, sai ka ce zan ba ɗana guba. 'Yarsa kullum tambayata take yaushe Baba zai dawo daga tafiya."

Ta waiga ta dube shi.

"Kai fa, wa'azi ka zo yi musu?"

"A'a, Mama. Babana na zo gani."

"To ina abincinsa?"

"Ba ya iya ci a gabana don kunya. Shi ya koya mini ayar."